Yatsa Uku a Bakin Mai Gwanjo

Da Yaya Merlin ya rasu, fasto ya ce in rubuta 'yan layuka da za a buga a takardar jana'iza. Na rubuta. Na ce mutum ne mai haƙuri, mai son jama'a, wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Duk gaskiya ne, mutane suka karanta suka share hawaye, har ana cewa na iya tsara magana. Abin da ban rubuta ba shi ne, wannan haƙurin da gudun ɓacin ran mutane su suka cinye masa rabin fuska, kuma da hannunmu duka a ciki. Shi zan faɗa yanzu, tunda na tsufa, ba wanda zai kore ni daga coci.

Sunana Arlis, ni ce autar gidan Haugland, shekara shida tsakanina da Merlin. A gona aka haife mu, mil huɗu daga wani ɗan ƙaramin gari a arewacin jihar Ayowa ta Amurka, inda ko masara ta fi mutane surutu in iska ta kaɗa. Kakanninmu daga Norwe suka zo, suka taho da akwatuna da Littafi Mai Tsarki da shiru. Babanmu ya taɓa rasa yatsa biyu a injin girbi, ya naɗe hannun da tsumma, ya ƙarasa layin da yake kai, sannan ya dawo gida. Mama ta ce, "Ya aiki?" Ya ce, "Ba laifi." Sai da ta ga jini yana ɗiga a kan teburin cin abinci ta gane. Haka aka raine mu. Ba ka cewa kana jin ciwo, ba ka cewa wani ya yi kuskure, in kuma ya zama dole ka faɗi magana mai nauyi, sai ka yi ta zagaye har wanda kake gaya wa ya samu ƙofar da zai fice kamar bai ji ba.

Merlin ya fi kowa shiru a gidanmu. Sai ya yini bai ce uffan ba. Yana da shekara goma sha ɗaya Baba ya tafi da shi kasuwar shanu ta garinmu, ya ga mai kiran gwanjo a kan dandamali, harshe yana gudu, manoma suna ɗaga yatsa, guduma tana sauka. Yaro ya dawo gida wani iri. Washegari na same shi a bayan rumbu yana sayar da turakun shinge ɗaya bayan ɗaya. Ya sayar da kajin Mama, ya sayar da karenmu, ni kaina ya sayar da ni sau ba adadi, kullum kuma da arha. In na yi ƙorafi sai ya ce, "To ya zan yi, Auta? Da sun ji bakinki sai su sauke hannu."

Yana ɗan ashirin da biyu ya hau wannan dandamali, bai sauka ba sai bayan shekara arba'in da ɗaya. Duk Alhamis. Ni kuma na riƙe ɗakin abincin kasuwar, ina soya nama da ƙwai, ina zuba wa manoma kofi, muryarsa tana shigo min ta bango. Wanda bai ji Merlin yana kira ba bai ji komai ba. Mutumin da in ka gaishe shi a hanya sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya daga kan sitiyari, da ya riƙe lasifika sai ka ce wani aka canzo. "Tamanin na samu, wa zai ba ni da biyar, da biyar, da biyar, haba Orlan, kalli ƙugun saniyar nan, ko matarka ce ta hana ka ɗaga hannu?" Wuri ya kaure da dariya, Orlan ya ɗaga hannu dole. Ya san wanda zai saya tun kafin mutumin ya san kansa. Ana tashi kasuwa sai ya cusa garin taba a kuncin hagu, ya koma shirunsa har wata Alhamis. Matarsa Verna, kafin ta rasu, takan ce in tana son jin muryar mijinta sai ta je kasuwar shanu kamar kowa. Ba su haihu ba. Bakin nan shi ne ɗansa, shi ne gonarsa, ba shi da wani abu bayan shi.

Yanzu sai in kawo maganar Dokta Lyle Sorum, likitan ƙashi na garinmu, irin masu gyara baya da wuya da gaɓoɓi da hannu, ba allura ba wuƙa. Ofishinsa yana tsallaken titi daga kasuwa, a wurin da ubansa ya yi wannan aiki kafin shi. A wajenmu in bayanka ya riƙe, ko wuya ya sage, ko kai ya dame ka, wurin Sorum za ka. Asibitin birni na wanda aka ɗauka ranga-ranga ne. Lyle ajinsu ɗaya da Merlin, shi ne abokin ango ranar aurensa, bencinsu ɗaya a coci, na huɗu daga gaba, hannun dama.

Merlin yana da arba'in da huɗu muƙamuƙinsa ya fara goce masa. Ana tsakiyar ciniki, ya wage baki zai ce an sayar, sai bakin ya tsaya a buɗe. Ya ƙi rufuwa. Miyau yana zuba a kan riga, ido ya firfito, mutane ɗari biyu suna kallon ƙasa don kada ya ji kunya. Na jefar da cokali na kama hannunsa muka tsallaka titi. Lyle ya zaunar da shi a kujera ya jingina masa kai da bango, ya sa safar hannu, ya ɗora manyan yatsunsa biyu a kan turamen haƙoransa na ƙasa, ya danna ƙasa a hankali, ya tura baya. Na ji ƙas! Baki ya rufu. Ya ɗaura masa tsumma mai ɗumi, ya murza masa gefen kunne da wuya, ya ce, "Yi a hankali yau." Merlin ya koma ya ƙarasa sayar da shanu ɗari uku. Aka yi shekara ana ba da labarin nan a garinmu.

Tun daga ranar, duk Talata da safe Merlin yana kan gadon Lyle. Ba zan ci haƙƙin mutumin nan ba, ya iya aikinsa. Ya gyara masa wuya, ya sa yatsa cikin baki ya lallaɓa naman da ya ɗaure a bayan kunci har ya saki, ya koya masa yadda zai riƙa motsa haɓa da safe, ya hana shi hamma baki wage. Kafin a fara kuma yakan ce, "Nuna min uku." Merlin ya jera yatsunsa uku a tsaye ya tura tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. In sun shiga, gaɓa lafiya lau. Shekara goma sha tara suna shiga. Game da taba kuwa, abin da Lyle ya taɓa cewa bai wuce, "Na ji wasu suna cewa wai ba ta faye kyau ba." Merlin ya ce, "Haka nake ji." Suka shiga hirar ruwan sama.

A watan Satumba na shekarar da ya cika sittin da uku, yatsa uku suka ƙi shiga. Biyu da ƙyar. Ga ciwo yana harbawa har cikin kunnen hagu, kuma ba irin wanda ya saba ba, wannan ko an murza ba ya sauka. Abin da ya faru a ɗakin nan Merlin ne ya rubuta min shi daga baya, a ɗan littafin da ya zama bakinsa. Lyle ya sa yatsa kamar kullum, ya kai bayan haƙorin ƙarshe, sai ya tsaya. Ya sake taɓawa. Ya cire safar hannu, ya daɗe yana wanke hannu a famfo, bayansa ga Merlin.

Ya ce, "Merlin, akwai ɗan wuri nan da ya yi tauri. Ba wai wani abu ba ne. Amma da ni ne, wata rana in na samu sarari, ƙila in leƙa birni su duba."

Merlin ya ce, "Ka gaji da ni ke nan?"

"Haba dai. Ni na isa?"

"To bari maruƙa su wuce."

"Ai kai ka san aikinka," in ji Lyle.

Ya rubuta takarda zuwa ga likitan birni, ya sa a ambulan, ya miƙa masa yana kallon taga. Merlin ya karɓa ya jefa a aljihun a-kori-kurarsa. Kun ji fa. Mutum ya taɓa abin da ya tsorata shi har ya kasa juyowa, abin da ya iya fitarwa daga bakinsa shi ne wata rana in ka samu sarari. Shi kuma Merlin, a ganinsa in ya kai bakinsa birni, ya gaya wa gari ke nan cewa Sorum ya kasa, bayan shekara goma sha tara, kuma ga Lahadi tana zuwa za su zauna benci ɗaya. Ga kakar maruƙa a gaba, wadda daga Oktoba har Kirsimeti kasuwa ba ta numfashi. Talata ta zagayo, Merlin ya dawo ya kwanta. Lyle ya sa safar hannu ya ci gaba da murza wurin da ya san ba na murza ba ne, don a garinmu ba a cewa mutum tashi ka tafi, ba zan taɓa ka ba.

Kada ku ɗauka ni na fita. A watan Nuwamba na ari motarsa zan ɗauko buhunan dankali, na buɗe aljihun ina neman tsumman goge gilashi, ambulan ya faɗo. Ba a liƙe yake ba. Na karanta. A takarda kam Lyle bai yi zagaye ba, tunda ba idon kowa yake kallo ba. Ya rubuta cewa akwai ƙari mai tauri, ba ya motsi, mutumin ya shekara arba'in yana ƙunsa taba a wurin, a duba shi da gaggawa. Har ya ja layi a ƙarƙashin gaggawa. Sannan na ninke takardar yadda na same ta, na mayar, na rufe. Ni, Arlis, wadda duk gari ya san ni da baki, wadda na taɓa korar ɗan majalisar gunduma daga ɗakin abincina saboda ya tofa a ƙasa. In na yi magana, dole in ce na karanta wasiƙar da ba tawa ba, kuma Mama ba ta raine mu haka ba.

Sai na yi abin da muka iya. Na daina kai masa gasasshen nama, na koma dama masa dankali da man shanu, da romon kaza, da ƙwai mai ruwa-ruwa. Na ajiye a gabansa na ce, "Yaya, ka ga matar Orlan ta je birni an duba ta, ta ce likitocin can suna da kirki." Ya ce, "Madalla." Ya karkata kai yana zura cokali ta gefen dama. Na tsaya a kansa da butar kofi ina jira ya fahimta. Ya fahimta sarai, ni ma na san ya fahimta, kowa ya yi ladabinsa aka tashi.

Kasuwa ma ta sani. Yaushe za a ce ba ta sani ba? Mutanen da ke gane saniya mai ciwo daga nisan taku hamsin! Kiran Merlin ya yi nauyi, kalmomi suna fita a cure, yana goge baki da hankici bayan kowane garke, ya rame har bel ɗinsa ya ƙara huda biyu. Su shigo wurina su zauna, ɗaya ya ce, "Merlin ya ɗan yi sanyi yau." Ɗaya ya ce, "Sanyin bana ne." Shi ke nan. In sun gamu da shi a ƙofa kuwa su daki kafaɗarsa, "Kai, murya tana nan daram!" Kirsimeti ta wuce, maruƙa suka wuce, sai ya ce bari dusar ƙanƙara ta narke, hanya ba kyau. Talata ba ta taɓa wuce shi ba. Daga yatsa biyu aka koma ɗaya da rabi, Lyle ya daina cewa nuna min uku, ya koma cewa, "Mu gani."

Wanda ya faɗa baƙo ne. Alhamis ta biyu a watan Afrilu, wani direban babbar motar shanu daga kudu, ƙato, da hula mai maiƙo, ya zauna a kantata yana cin nama. Har yau ban san sunansa ba. Merlin ya shigo hutun rana ya zauna kusa da shi, na ajiye masa romo. Ya yi ƙoƙarin zura cokali, cokali ya ƙi shiga, ya koma kurɓa daga bakin kwano. Ya goge baki, hankici ya fito da ja. Direban ya ajiye wuƙarsa ya zuba masa ido.

Ya ce, "Tsoho, me ke damun bakinka?"

Merlin ya ce, "Gaɓa ce. Ana gyarawa."

"Gaɓa ba ta jini, kuma ba ta wari. Na san warin nan, ubana da shi ya mutu. Ciwon daji ne a bakinka, malam. Tashi ka tafi asibiti yau, ba gobe ba. Wai duk ɗakin nan ba mai hanci ne?"

Maza goma sha biyar kowa ya sunkuya yana nazarin kofinsa. Direban ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai, ya biya ya fita. Motarsa ba ta gama barin fili ba Orlan ya ce, "Mutanen kudu dai ba su da tarbiyya." Aka yi ta gyaɗa kai. Na rantse muku, abin da ya dami ɗakin nan ke nan, rashin tarbiyyar baƙo.

Merlin ya koma dandamali ya ƙarasa kasuwa. Ni kuma da yamma na same shi a wurin mota na ce, "Yaya, gobe ƙarfe shida zan zo mu tafi." Ya dube ni. Na ce, "Takardar tana aljihun mota." Bai tambaye ni yadda na sani ba. Tunda wani ya riga ya fasa maganar, kuma ba ɗan gari ba ne, sai ta zama abin da za a iya ɗauka.

Likitar birni 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau. Ta karanta takardar Lyle, ta duba kwanan watan, ta sake dubawa. Ta haska bakinsa da 'yar fitila ta wannan 'yar kafar da ta rage. Sannan ta juyo kaina, ba kansa ba.

Ta ce, "Satumba aka rubuta wannan. Ina kuka shiga wata bakwai?"

Na ce, "Aiki ne ya yi yawa."

Ta ce, "Da a Satumba kuka zo, ɗan yanki zan cire, ya koma aikinsa kafin Kirsimeti. Yanzu ya shiga ƙashi, ya kama harshe."

Merlin ya ce mata, a cure, "Ba laifin kowa ba ne." Ina jin ita ce cikakkiyar magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa, kuma ƙarya ce.

Suka cire rabin muƙamuƙin hagu da kusan rabin harshe. Suka yanko ƙashi daga ƙafarsa suka dasa a wurin. Ya rayu, har shekara uku. Amma abin da ke fita daga bakinsa ni kaɗai ke ganewa, ni ma ba kullum ba, sai ya koma rubutu a ɗan littafi mai shuɗin bango da ke aljihun gabansa. Abinci sai wanda aka markaɗa, ta ɗan bututu. Kasuwa ta ɗauko wani mai kira daga gunduma ta gaba, mutumin kirki, muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. Ina jinsa ta bango ina soya ƙwai, wani lokaci in ƙona.

Gari kuwa ya yi abin da ya fi iyawa, ya kawo abinci. Na koma gidan Merlin don in kula da shi, kullum sai na ji mota a ƙofa. Tire-tire na taliya da nama, gasasshiyar kaza, haƙarƙarin alade, masara a jikin totuwarta. Masara a totuwa, jama'a, ga mutumin da ba shi da muƙamuƙi! Su miƙa daga bakin ƙofa, su ce, "Ya mai jiki?" In ce, "Da sauƙi." Su ce, "Ai Merlin ƙarfe ne." Su juya da sauri kafin ya fito su ga fuskarsa. Firiza ta cika, na cika ta maƙwabta, sauran na riƙa zuba wa karnuka. Matar Lyle ta aiko da kek ɗin tuffa duk Asabar, ba fashi. Lyle bai zo ba. Ya aiko da kati mai hoton tafki, a ciki ya sa hannu kawai.

Amma magana ta fara yawo a ƙasa-ƙasa, irin tamu, wadda ba a san wanda ya fara ba. Wai wasu sun ce an ce ƙila da Sorum ya ɗan matsa. Motocin da ke tsayawa a ƙofar ofishinsa suka ragu. A coci, benci na huɗu, Lyle da matarsa suka zauna su kaɗai, na bayansu suka ɗan ja baya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ce a raina ya ɗanɗana.

Wata huɗu da yi masa tiyata, ranar wata Litinin, Merlin ya zaro littafinsa ya rubuta ya turo min. "Gobe Talata."

Na ce, "To sai me?"

Ya rubuta, "Ƙarfe tara. Wurin Lyle."

Na ce, "Yaya, kanka ɗaya? Me zai gyara? Me ya rage a wurin da zai gyara? Mutumin nan ya taɓa abin da hannunsa, ya san ko mene ne, ya yi wata bakwai yana murza shi kamar ƙullin burodi!"

Ya rubuta, "Ya ba ni takarda."

"Takarda! Da ya rufe ƙofa ya ce ba zai ƙara taɓa ka ba sai ka je, da ka je ko ba ka je ba?"

Ya rubuta, "Ke ma kin karanta." Bai ɗago ya dube ni ba, kuma na gode masa da hakan. Ya juya shafi ya ƙara, "Mutane sun daina zuwa. In sun ga motata a ƙofarsa za su koma."

Wato ba gyara yake nema ba. Motarsa yake so a gani. Mutumin da aka raba da abu ɗaya tak da yake da shi a duniya, damuwarsa kada abokin bencinsa ya ji kunya. Na yi kuka don haushi, na ce ba inda za ni. Da safe na same shi a tsaye a bakin mota da sandarsa, ya sa farar riga ya taje kai, ƙafar da aka yanki ƙashi ba ta barinsa tuƙi. Me zan yi? Na karɓi makulli.

Duk hanyar nan, mil huɗu, ina shirya abin da zan gaya wa Lyle Sorum. Na tsara shi tsaf. Zan ce masa ka sani, ka ja layi a ƙarƙashin gaggawa, ka iya faɗa wa takarda ka kasa faɗa wa abokinka. Zan ce ni ma na sani, kuma ba zan yafe wa kaina ba, amma kai ne likita. Zan faɗa da ƙarfi, ƙofa a buɗe, na ɗakin jira su ji. Merlin ya nuna min in tsaya daidai bakin titi, inda duk mai shiga kasuwa zai ga motar.

Ɗakin jira ba kowa. Lyle ya fito da kansa. Ya tsufa a wata huɗun nan, riga ta yi masa yawa. Ya ga fuskar Merlin, karo na farko, kunci ya lotsa, leɓe ya karkace, tabon ɗinki daga kunne har ƙarƙashin haɓa.

Ya ce, "Merlin. Ya jiki?"

Merlin ya zaro littafi ya rubuta ya ɗaga masa. Ban ma duba ba, na san abin da ke ciki. Ba laifi.

Ya hau gado ya kwanta rigingine kamar yadda ya yi shekara goma sha tara. Lyle ya tsaya a kansa. Saboda sabo ya ɗaga hannu, yatsa uku a jere, har ya buɗe baki zai ce nuna min. Sai ya ga hannun nasa, ya tura shi cikin aljihu. Ya zagaya ta wajen kai, ya tallafi ƙeyar Merlin da tafin hannu biyu, bai murza ba, bai ja ba, ya riƙe kawai. Merlin ya lumshe ido. Aka yi kusan minti goma a haka, ba abin da ake ji sai kukan shanu daga tsallaken titi.

Sannan Lyle ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur. Jira yake. Na rantse so yake in faɗa, ya tsaya ne kamar mai jiran mari don ya huta. Maganar tana nan a bakina, na haddace ta. Muƙamuƙina lafiyarsa ƙalau, yatsa uku suna shiga har da saura.

Na ce, "Dokta, a gaida Madam. Kek ɗin da ta aiko ya yi daɗi ƙwarai."

Ya ce, "Za ta ji. Sai Talata?"

Na ce, "Sai Talata."

Ko ɗanɗana kek ɗin ban taɓa yi ba, karnuka nake ba. Muka yi shekara uku muna zuwa duk Talata, motoci suka dawo ƙofarsa, kuma ranar jana'izar Merlin, Lyle ne ya riƙe gaban akwatin gawar ta hannun dama.